Tambaya da Amsa: Bindiga mai liba ta .22, shin arharta ba ta da illa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin jihar Ohayo ne a Amurka, ina da takardar zama ta dindindin, kuma bara Allah ya hore mini 'yar gona a bayan gari inda nake shuka kayan lambu. Zomaye da wasu ƙananan dabbobi sun hana ni sakat, shi ne maƙwabcina ya ba ni shawarar in sayi ƙaramar bindiga mai liba, wato ƙarfen da ke ƙarƙashinta da ake saukewa a mayar don ɗana ta, irin ta fina-finan kaboyi, mai cin harsashin .22, ya kuma ce ta kamfanin Henry ce ta fi sauƙin samu. Da na je shago na tarar kuɗinta bai kai dala 400 ba, sai jikina ya yi sanyi, domin an ce arha ba ta ado. Don Allah me waɗanda suka daɗe suna amfani da ita suke cewa a kanta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a gonar. Bindigar da aka nuna maka ita ce samfurin H001, wadda kamfanin Henry ya fara fitarwa a 1997, shekara guda bayan Louis Imperato da ɗansa Anthony sun kafa shi a Buruklin ta birnin Niyok. Kada sunan ya ruɗe ka, domin kamfanin na yanzu ba shi ne ya ƙera tsohuwar bindigar Benjamin Tyler Henry ta 1860 ba, sunan kawai ya ɗauka. Ƙirar ma ta girmi kamfanin, tushenta wata bindiga ce da kamfanin Erma na Jamus ya riƙa ƙerawa, ana sayar da ita a Amurka da sunan Ithaca 72 a shekarun 1970. An sayar da H001 fiye da miliyan ɗaya, saboda haka abin da za a faɗa a kanta ba ra'ayin mutum biyu ko uku ba ne, kusan shekara talatin ke nan tana hannun manoma da mafarauta da yaran da iyayensu suke koya wa harbi.

Abin da masu ita suke fara yabawa shi ne laushin libar. Da yawa suna cewa tun ranar da aka fito da ita daga kwali, da yatsu biyu ake sauke libar a mayar, ba gargada ba cijewa, alhali wasu bindigogin da suka fi ta tsada sai an yi ta harbi kafin su sake. Nauyinta bai wuce kilo biyu da rabi ba, bututunta ya ɗan haura inci 18, kuma tana ɗaukar harsashi 15 na dogon nan .22 LR, ko 21 na gajeren nan .22 Short. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga mai gona, domin da yake hannu ne yake ɗana ta, ba ruwanta da ƙarfin harsashin, tana cin mai ƙarfi tana cin marar ƙara sosai, abin da bindigogi masu ɗana kansu sukan gaza yi. Gindinta kuwa na katakon walnot ne na gaske, wanda ba a cika samu a wannan farashi ba.

To, ina aka rage kuɗin? A nan tsoronka yake da tushe, kuma a nan ne masu ita suka rabu gida biyu. Idan ka koma shagon, ka ɗora mayen ƙarfe a gefen akwatin da libar take shiga, za ka ga bai kama ba. Bututun da sandar da ke tura harsashi na ƙarfe ne, amma akwatin an zuba shi ne da wani haɗin zinki da ake kira Zamak, sannan aka rufe shi da murfi mai baƙin fenti. Fentin nan shi ne babban abin ƙorafi. Yana ƙarcewa a wurin da aka ɗaura madubin saiti, yana koɗewa inda hannu yake riƙewa, kuma idan ya ɓantare sai farin ƙarfen ya fito fili, ba a iya mayar masa da baƙin launi yadda ake yi wa ƙarfe na gaske, sai dai a sake fesa fenti. Waɗanda suka taso da Marlin 39A ko Winchester 9422, waɗanda akwatinsu ƙarfe ne da aka sassaƙa, suna raina ta saboda wannan, suna cewa ba bindigar da za a bar wa jika gado ba ce. Tsofaffin samfuran farko ma zoben da ke riƙe bututun da tsinin saiti na gaba na roba ne, kafin daga baya a mayar da su na ƙarfe.

Ni a ganina ƙorafin nan na ido ne, ba na aiki ba. Harsashin .22 ba shi da ƙarfin da zai gajiyar da wannan akwati, kuma abin da ya fi yawa a bakin waɗanda suka harba dubban harsasai da ita shi ne jikinta ya tsufa amma aikinta yana nan. Su kuma bindigogin da ake gwada ta da su, an daina ƙera Winchester 9422 tun 2005, Marlin 39A ma ba a samun sabuwarta a kan kanta, don haka kwancensu kan ninka kuɗin sabuwar Henry. Browning BL-22, wadda kamfanin Miroku yake ƙerawa a Japan, tana nan a kasuwa kuma ta fi kyan gamawa, sai dai kuɗinta ya fi nesa ba kusa ba. Akwai kuma Rossi Rio Bravo ta Burazil da ta shigo a 2020, wadda takan ɗan fi Henry arha, kuma tana da maɓallin kulle kunama, abin da H001 ba ta da shi.

Ƙorafi na biyu da ya fi na fenti muhimmanci shi ne na saiti. Tsinin gaba yana da kauri, yakan rufe ƙaramin abu idan ya yi nisa, shi ya sa masu raunin ido suke ɗora mata ƙaramin madubi a kan layin da aka tsaga a samanta. Da madubin, bugun zomo a tazarar yadi 50 ba abin wahala ba ne ga wanda ya saba.

Abin da na fi so ka riƙe bai shafi arha ba. Rumbun harsashin wannan bindiga wani siririn bututu ne a ƙarƙashin babban, kuma ana cika shi ne ta gaba: a murɗa kan sandar tagulla da ke dab da bakin bindigar, a zaro ta har sai wata 'yar taga mai siffar harsashi ta buɗe, a riƙa jefa harsasan ɗaya bayan ɗaya. Ke nan hannunka yana kusa da baki duk lokacin da kake ɗuri, don haka sai ka tabbatar babu harsashi a cikin babban bututun kuma bakin yana kallon inda ba kowa. Haka nan wajen fitar da harsasan, harsashi ɗaya yakan iya maƙalewa a cikin bututun, mutum ya ɗauka ta zama fanko. Ka riƙa juya libar sau da yawa, sannan ka leƙa da idonka. Kullenta kuma 'yar gudumar baya ce da ake ajiyewa a matakin farko, kuma babban yatsa yana iya zamewa wajen saukar da ita, musamman a sanyin Ohayo da safar hannu. Kada ƙanƙantar harsashin ta sa ka ɗauke ta abin wasa, domin a jikin kwalinsa ma an rubuta cewa yana iya illa har tazarar mil ɗaya da rabi, kuma yana tsalle idan ya bugi dutse ko ruwa.

Tunda kana da takardar zama ta dindindin, dokar tarayya ta ba ka damar saye, bayan ka cike fom mai lamba 4473 a shagon an binciki tarihinka. Amma zomo yana da lokacin farautarsa a Ohayo, saboda haka ka tuntuɓi hukumar kula da namun daji ta jihar kan abin da aka yarda wa mai gona, ka kuma tabbatar an halatta harbi a yankin da gonar take. Idan duk wannan ya daidaita, ina ba ka shawarar ka saye ta, ka ajiye ta a kulle, harsashi a wani wurin dabam, inda yara ba za su kai ba.

TAMBAYA: Ina zaune a Minesota, ina da irin wannan bindiga mai liba. Wani lokaci nakan ja kunama ta ce ƙyas amma harsashin bai tashi ba, wani lokacin kuma ya karkace ya toshe ta. Lalacewa ta yi?

AMSA: Da wuya, ɗan'uwa. Sinadarin da ke kunna albarushin harsashin .22 yana cikin leɓen gindinsa ne, an zagaya shi da shi, kuma a harsasai masu arha da ake sayarwa ɗaruruwa a kwali ɗaya akan sami gurbin da sinadarin bai kai ba. Idan allurar da ke dukan gindin harsashin ta bugi wannan gurbi, shiru za ka ji. Ka bar bakin yana kallon wurin da kake harbi na kamar rabin minti, sannan ka fitar da shi ka duba leɓen. In ka ga shaidar bugu mai zurfi, laifin harsashi ne, sai ka canza wani iri. In shaidar ba ta fito sosai ba, to datti ne ya taru, domin dalmar .22 tana zuwa da kakin da ke haɗuwa da toka ya daskare, kuma sanyin Minesota yana ƙara masa tauri. Toshewar kuwa galibi daga hannu take, idan an ja libar a tsorace ba a kai ta ƙarshe ba. Ka sauke libar gaba ɗaya da ƙwari, ka mayar da ita haka. Ka kuma guji jan kunama babu harsashi a ciki, domin a yawancin bindigogin wannan aji allurar tana iya dukan gefen ramin da harsashi yake zama ta yi masa lahani. Idan bayan wanki da canjin harsashi matsalar ba ta tafi ba, sai ka kai wa mai gyaran bindiga mai lasisi.

TAMBAYA: Ni mafarauci ne a jihar Bauchi. Ko ɗan'uwana da ke Amurka zai iya sayo mini ita ya zo da ita?

AMSA: Kada ya kuskura, Malam. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya irin wannan bindiga cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallaka, shigo da ita ma yana buƙatar izini na musamman, ita kuma Amurka ba ta barin a fita da bindiga daga ƙasarta sai da nata izinin. Sanya ta a cikin kaya ba tare da waɗannan takardu ba laifi ne da zai iya kai ku gidan yari ku duka biyu.