Kawu, Ga Inda Muke Kai Ƙara a Bronx

Kawu, kun tambaye ni wai in rigima ta tashi tsakaninmu a nan Amurka, wane alƙali muke zuwa wurinsa. Gaskiya, mu Hausawan Bronx, na Kumasi da na Yamai da na Kano, masallaci muke fara dosa. Bashi ne, adashi ne, saɓanin miji da mata ne, liman da dattawa su zauna bayan la'asar a kashe wutar. Wanda ya tsallake su ya kai ɗan'uwansa kotu, sai ya daɗe yana jin kunyar shiga jama'a. Amma duka ko rauni, wannan ba na sulhun tabarma ba ne, na hukuma ne, kuma ni ina ganin daidai ne hakan.

Kotunan kuwa kusan duk kan titi ɗaya suke, titi na 161. Bronx ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba sai 1914, ita ce auta a cikin gundumomi 62 na jihar New York. A shekarar ne aka gama tsohon ginin kotu na dutse da ke mahaɗar Third Avenue, wanda aka soma tun 1905, da gunkin mace mai wakiltar adalci a goshinsa. Jama'a ta yi masa yawa nan da nan. A 1934 aka buɗe babban ginin kotu mai lamba 851 a titin Grand Concourse, farin dutse, kan tudu, ana hango shi daga filin wasan Yankee. Daga baya aka sa masa sunan Mario Merola, tsohon babban mai gabatar da ƙara na gundumar. Tsohon ginin kuwa aka rufe shi a 1977, zamanin da gobara ke cinye unguwannin kudancin Bronx, ya shekara da shekaru tagogi a toshe.

A ƙasan ginin 851 ɗin nan na karɓo takardar aurena, domin ɗaurin auren masallaci da goro da dabino shi ne aure a wurinmu, amma sai da takarda hukuma ke sanin matarka. Na ƙarshe cikin kotunan titi na 161 shi ne dogon ginin gilashi da aka buɗe a 2008, na manyan laifuka. Can aka kira ni aikin juri bayan na zama ɗan ƙasa, wato talakawa goma sha biyu da ke yanke ko mutum ya yi laifi. Na cire bel, na zuba makullai a faranti, ɗan sanda ya dubi hulata zanna bukar ya bar ni na wuce.

Amma kotun da mutanenmu suka fi sani ita ce ta haya, can gaba kaɗan a Grand Concourse. Mai gida ya bar ku ba ɗumi cikin hunturu, ko kuɗin haya ya taru, nan za a haɗu. Wanda Turancinsa bai nuna ba ana nemo masa tafinta kyauta, mu kuma ba ma barin tsohuwa ta je ita kaɗai, ko da mutum zai rasa aikin yini.

A gaida Inna da yara.