Re: Ƙara wa injin ƙarfi zai sa mota ta rage shan mai?

Malam, ka ce bakanike a Garwa ya ce in ya taɓa kwamfutar Hilux ɗinka za ta ƙara ƙarfi kuma ta rage shan gazuwal, wato man dizal. To, rabin gaskiya ya faɗa maka. Injin dizal mai turbo in an gyara masa lissafin kwamfuta yana samun ƙarfin ja tun juyin injin yana ƙasa, sai ka riƙa shiga babban giya da wuri, kan hanyar Garwa zuwa Marwa kana tafiya a hankali kana iya ganin ɗan sauƙi. Amma wa zai sa ƙarfi ya ƙi taka wuta? Da ka taka, mai ya tafi, domin ƙarfin nan daga man yake fitowa ba daga iska ba.

Ni abin da ya fi damuna zafin nan namu na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, ga hawan dutsen Ngaundere da kaya a baya, injin ya yi ta dahuwa, kulochi ma ya sha wuya. In kuma man bakin hanya kake zubawa, wallahi injekta, masu fesa mai a cikin injin, su ne za su fara kuka. Fara canza matatar iska ka duba iskar taya tukuna.