Jijjigar Inji da Ƙarfin Tsoka: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Ni mai walda ne. Duk ranar da na wuni riƙe da injin gurza ƙarfe, da yamma sai hannuna ya kama minjirya, ko murfin gora da ƙyar nake murɗewa. An ba ni shawarar sayen safar hannu mai hana jijjiga. Za ta yi maganin abin?

Amsa: Malam, kada ka fara da safar. A cikin kowace tsoka akwai 'yan jijiyoyi masu lura da miƙewarta. Jijjiga na taɓa su sai su aika saƙo ta laka, tsokar ta ɗaure ba da saninka ba. Masana biyu 'yan Suwidin, Eklund da Hagbarth, sun bayyana wannan tun 1966. Shi ya sa kake damƙe injin fiye da yadda aikin ke buƙata, jini ya ragu a yatsu, tsoka ta gaji tun kafin azahar, da yamma kuma riƙonka ya yi rauni.

In za ka sayi inji, duba takardar da ke cikin kwalinsa, akwai adadin jijjiga da aka rubuta da alamar m/s². Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta ce a aikin awa 8, daga 2.5 dole a ɗauki mataki, 5 kuma ba a wuce shi. Lissafin da mutane ba sa lura da shi: in jijjiga ta ninka, lokacin aikin komawa yake kashi ɗaya cikin huɗu. Inji mai 5 zai kai ka matakin farko cikin awa 2, mai 10 cikin minti 30 kacal. Lokacin da faifai ke cin ƙarfe kawai ake ƙirgawa. Kuma tsohon inji yakan zarce abin da kamfani ya rubuta.

Don haka kuɗinka ya tafi kan inji mai mariƙin gefe da aka sa wa roba a gindinsa, kuma kada ka cire mariƙin nan kamar yadda yara ke yi a shago. Faifan da ya karkace ko ya ci gefe ɗaya, jefar da shi. In ka kunna inji babu aiki ka ji yana kaɗa hannu yana gurnani, wataƙila boris ne ya mutu, a duba shi a canza. Raba gurzar gida-gida, ka sa wani aikin a tsakani.

Safar kuwa, ko mai lambar ISO 10819 ce, wato shaidar ta ci gwajin rage jijjiga, jijjiga mai sauri sosai kaɗai take ragewa, in ta yi kauri ma sai ta sa ka ƙara damƙa. Amfaninta na gaskiya shi ne ɗumama hannu da hunturu. In yatsunka sun fara yin fari fat da sanyin safiya, ka ga likita da wuri, domin jijiyar da ta lalace ba lallai ta dawo ba. Taba sigari kuma ƙara tsuke hanyoyin jinin take.

Tambaya: Shekaruna 58. Ina son sayen injin nan da ake tsayawa a kai yana jijjiga jiki, an ce yana narkar da tumbi yana ƙara ƙarfin ƙafa.

Amsa: Hajiya, maganar tumbi ki cire ta, jijjiga ba ta narkar da kitse. Ƙarfin ƙafa kuwa ana ɗan samu, musamman ga manya da ba su saba motsa jiki ba, amma bai fi tashi da zama daga kujera sau 10 zuwa 15 ba, wanda kyauta ne. In kin saya, ki nemi mai abin dafawa. Ki tsaya gwiwa a ɗan lanƙwashe, domin in kika miƙe ta jijjigar har kai take hawa, ta kawo jiri. Sakan 30 zuwa 60, ki huta minti ɗaya, ki maimaita sau biyar, kwana uku a mako. Mai juna biyu, da mai daskarewar jini a ƙafa, da mai na'urar bugun zuciya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, kada su hau sai likita ya yarda.