Tambaya da Amsa: Naman kaza a jikin gungume

Tambaya: Salam Malam, dan Allah wai da gaske ana noman naman kaza a jikin icce a gida? Daga wata uwargida, Tudun Wada Zariya.

Amsa: Sosai ma Hajiya. Ki samu ɗanyen gungumen mangwaro sabon sara, kafinta ya huda miki shi, ki cusa irin a ramukan ki toshe da narkakken kyandir. Matsalarmu a Zariya hunturu ne, nan da nan iska ta busar da iccen, dan haka ki ajiye a inuwa ki rufa jiƙaƙƙen buhu kina yayyafa ruwa safe da yamma, sai haƙuri fa dan yakan kai wata 6 zuwa shekara kafin ya fito. Wanda ke tsirowa a juji da damina kuwa kar a ci, wani guba ne.