Fiyanon ɗana yana zafi tun da aka canza masa adafta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Mabera nake, nan cikin Sakkwato. Ƙanen maigidana ya kawo wa ɗana mai shekara 9 ƙaramin fiyano, tsohon Casio irin tokumbo. Ranar da muka fara jona shi, adaftar da ya zo da ita ta yi ƙara ta fitar da hayaƙi. Muka kai wa mai gyaran rediyo, ya yanke wayar ya haɗa da adaftar dikoda, ya naɗe da salatif, ya ce wuta duk wuta ce tunda ya kama. Yanzu yana kamawa, amma bayansa na zafi, yana wani gunji, wani lokaci ya mutu da kansa. Yaron kuma har kan katifa yake hawa da shi. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Zai iya jan shi? Ko in yar da shi in sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki zare wannan adaftar yau, ki ɓoye ta inda yaron ba zai gani ba. Kada ki yar da fiyanon. Tunda har yanzu yana fitar da sauti, akwai yiwuwar bai riga ya lalace ba.

Adaftar farko ba aljani ne ya ƙona ta ba. Kayan da aka yi don Amurka wutar 120V suke sha (V ma'aunin ƙarfin wuta ne), na Japan 100V, mu kuwa tamu 230V ce. Tsofaffin adaftocin nan masu nauyi ba su iya daidaita kansu, da an cusa su a soket ɗinmu sai hayaƙi. Da an duba jikinta wurin da aka rubuta INPUT, da an gani. Wadda aka rubuta wa 100-240V ce kawai ke shiga ko'ina.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wato "wuta duk wuta ce". Kusan kullum sai an kawo mini fiyanon da wannan magana ta kashe, kuma mai faɗinta yakan faɗe ta da cikakken ƙarfin hali. Ki juya fiyanon ki dubi ramin da ake jona waya. Za ki ga an rubuta DC da wata lamba, ga kuma ɗan zane mai alamar + da −. Tsofaffin Casio da yawa 9V suke sha, da adaftar da ake kira AD-5, kuma a cikinsu tsakiyar bakin wayar shi ne −. Sababbin Casio irin SA-76 da CT-S200 sun koma 9.5V, tsakiyarsu kuma +. Ƙananan Yamaha PSR 12V suke sha, tsakiya +, manyan PSR-S na situdiyo 16V. Kin ga ko kamfani ɗaya ma bai tsaya kan abu ɗaya ba, balle a ce dikoda da fiyano duk ɗaya ne.

Adaftar dikoda yawanci 12V ce, tsakiya +. Shi ya sa nake zaton mai gyaran naki juya wayoyin ya yi ta yi har abin ya kama. Allah ne ya tsare, domin jona wuta a juye kan kashe wani fiyanon nan take. To ya kama ɗin, amma ana ɗura masa 12V alhali an ƙera shi don 9V. Rarar nan ba ɓacewa take yi ba, akwai ɗan abin da ke daidaita wuta a fanel ɗin ciki, shi ke shanye ta ya mai da ita zafi. Zafin da kike ji a bayansa ke nan. Ki haɗa da zafin garinmu a Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ga katifa ta toshe masa iska. Idan ya kasa jurewa sai ya ɗauke, shi ne mutuwar da yake yi da kansa. Gunjin kuma ko dai adaftar ce ba ta tace wuta da kyau, ko kafasitocin ciki, wato ƙananan gwangwanin da ke tace wuta, sun fara kumbura. Kamawar abu ba shaida ba ce cewa an ba shi daidai. Yaro ma zai iya haɗiye maganin babba.

Har waɗanda suka jona cajar laftof mai 19V ana kawo mini, wai don bakin ya shiga. Wannan nan take yake kashe fiyano, kafin ma ya yi zafi.

Abin haushi, mutanen nan suna tsoron inda babu haɗari, suna sakaci inda yake. Za ki ji ana cewa kada a sa adafta mai amfiya da yawa, za ta fi ƙarfin fiyano. Ba haka ba ne. Amfiya, wato lambar mA ko A, tana nuna iyakar abin da adafta za ta iya bayarwa, fiyano kuma daidai buƙatarsa yake ɗiba. In ta fi abin da aka rubuta babu laifi, in ta gaza ne ita kanta za ta yi zafi. Lambar V ce ba a ƙari ba a ragi. Irin adaftar nan mai makunnin canza lamba daga 3 zuwa 12 kuwa, ba na son ganinta a ɗakin yara, yatsa ɗaya ya isa ya tura ta ƙarshe.

Batun ko zai ja shi: 9V ko 12V ba sa jan mutum. Haɗarin yana ɓangaren soket. Adaftar araha marar nauyi, wadda ba a raba wutar NEPA da wayar fita da kyau a cikinta ba, ita ce ke iya kai 230V hannun yaro ranar da ta fashe. Sai kuma ɗabi'armu ta cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana. Sai salatif da ke saki idan ya ji zafi, wayoyi biyu su haɗu a kan katifar soso da dare, kowa na barci. Gobara nake jiye muku fiye da jan wuta. Kuma ko adaftar kirki ce, a zare ta kafin a tayar da janareta, a zare ta idan an ɗauke wuta, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi ba ta sallama.

Mafi sauƙin mafita tana ƙarƙashin fiyanon. Akwai murfin batir, da yawa daga cikinsu AA guda 6 suke ci. Ki sa masa batura masu kyau irin waɗanda aka rubuta wa alkaline, kada a gauraya sabo da tsoho, a cire su idan za a ajiye shi ya daɗe don kada su yi ruwa su cinye ƙarafan. In ya yi aiki lafiya da batir, ba zafi ba gunji, to fanel ya tsira. In gunjin bai daina ba, a kai wa wanda ya san fiyano, irin masu gyara wa 'yan situdiyo da coci-coci, ya duba kafasitocin.

Sayen wani ba gaggawa ba ne. In yaron ya nace har ya fara ciro waƙa da kunnensa, lokacin sai a nemi mai maɓallai 61 masu cikakken girma, wanda sautinsa ke ƙaruwa idan an danna da ƙarfi, kamar Yamaha PSR-E373 ko Casio CT-S300. Masu ƙananan maɓallai 32 ko 37 ko 44 sun fi dacewa da ƙannensa. A cikinsu Yamaha PSS-F30 yana shan wuta ta USB, ko fawa bank ya ishe shi, ba ruwanki da soket.

Hunturu na zuwa da ƙurarsa, a riƙa rufe shi da zane. In wani maɓalli ya daina magana, ƙura ce kan robar da ke ƙarƙashinsa, a buɗe a goge. Kada wani ya ɗiga masa fetur ko man keke.

Idan za ki sayi adafta a Babbar Kasuwa, ki ɗauki hoton rubutun da ke bayan fiyanon, ko ki tafi da shi gaba ɗaya. Ki sa a nuna miki lambar V da zanen + da − a jikin adaftar, ki gwada su da idonki kafin a jona. In mai shago ya ce miki ai duk ɗaya ne, ki karɓi kayanki ki wuce shago na gaba.