Ruwan sabon kwamin ninkaya ya yi fari kamar na wankin shinkafa: a zubar ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina kwamin ninkaya a masaukin baƙina da ke Kaduna, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, zurfinsa kusan mita ɗaya da rabi. An shafe shi da farin siminti da garin marmara, aka cika shi da ruwan burtsatse kwana biyar da suka wuce. Ranar farko ruwan garau yake, amma yanzu ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko ƙasan ba a gani. Yaron da ke kula da shi ya zuba garin kulorin har sau biyu, abin sai ƙaruwa yake yi. Injin tace ruwan kuma awa huɗu muke kunna shi a rana saboda matsalar wuta. Maginin ya ce a zubar da ruwan a sake sabo. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka zubar da ruwan nan. Sabon shafe a cikin ruwa yake nuna, wato yake ƙanƙamewa, kuma yana buƙatar kwana 28 kafin ya yi ƙwarin da za a dogara da shi. Idan aka kwashe ruwan aka bar shi a ranar Kaduna, zai iya tsattsagewa, ko ya yi dabbare-dabbaren da ba sa fita. Sabon ruwan da za ka zuba ma, bayan kwana biyu fari zai sake yi, domin daga jikin bangon farin yake fitowa.

Ga yadda abin yake. Idan siminti ya haɗu da ruwa yana ƙanƙamewa, yakan fitar da wani sinadari irin na farar ƙasar da ake shafa wa bango. Wannan sinadarin yana narkewa a ruwan kwamin, ya ɗaga ma'aunin pH (awon tsamin ruwa, wanda ke hawa idan tsamin ya ragu) ya wuce 8, sannan ya haɗu da abin da ke cikin ruwa da iska ya koma alli, garinsa ya fi bula laushi. Shi ne kake gani yana yawo. Kana iya tabbatarwa da kanka: goga tafin hannunka a bangon, za ka ga farin gari ya taso kamar hayaƙi. Ko ka ɗebi ruwan a kwalba ka ajiye ya kwana. Da safe za ka tarar da fari ya kwanta a gindin kwalbar, idan ka tsiyaye ruwan ka ɗiga masa ruwan lemun tsami sai ya yi kumfa.

To ka ga dalilin da ya sa kulorin bai yi komai ba. Aikinsa kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka, ba ya narkar da alli. Garin kulorin da aka fi sayarwa a kasuwanninmu ma da kalsiyam aka haɗa shi, don haka kowane kofi da yaron ya zuba ƙara wa farin ƙarfi ya yi. Ba laifinsa ba ne, abin da aka saba yi wa tsohon kwami ya yi. Amma ya dakata haka nan. Idan awo ya nuna kulorin ya yi ƙasa, a nemi na ruwa, a riƙe shi tsakanin 1.5 da 3 a ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne awa huɗun nan. Ƙa'idar da ƙungiyar masu shafen kwamin ninkaya ta Amurka ta shimfiɗa ita ce injin ya yi aƙalla awa 72 yana aiki ba tsayawa da zarar an cika ruwa. Kwaminka na ɗauke da lita kusan 48,000. Duk lokacin da injin ya tsaya, garin yana sauka ya kwanta a ƙasa da kan matakala, kuma idan ya daɗe a kwance ruwa na da pH mai yawa, sai ya manne ya zama ɓawo mai kaushi kamar sanfefa, mai goge wa yara ƙafa. Na san man janareta da tsada. Amma kuɗin man kwana uku ko huɗu bai kai ko kusa da na kankare ɓawon nan daga baya ba. A kunna shi dare da rana har ruwan ya washe.

Sai buroshi. A samu mai gashin roba, ban da na waya, a goge kwamin gaba ɗaya safe da yamma har mako biyu: bango daga sama zuwa ƙasa, matakala, kusurwoyi, sannan a tura garin ta wajen magudanar da ke wuri mafi zurfi. Bayan kowace guga ruwan zai ƙara yin fari. Kada hankalinka ya tashi, haka ake so, garin ya taso matatar ruwa ta kama shi. A riƙa duba agogon da ke kan matatar; idan allurarsa ta hau da psi (ma'aunin matsin ruwa) 8 zuwa 10 a kan inda take lokacin da matatar ke da tsabta, a juya ruwa a wanke yashin da ke cikin matatar. A makon nan zai iya kamawa a yi haka kullum.

Na ukun shi ne awo, kuma ba ka ambaci ko kana da kayansa ba. Ka sayi na ɗigo, wanda ke auna pH da alkaliniti (abin da ke hana pH saurin canzawa) da kalsiyam. Ana son pH ya zauna tsakanin 7.2 da 7.6, alkaliniti wajen ppm 80, kalsiyam kuma kada ya gaza ppm 150 a farko. Wannan na ƙarshe mutane kan yi mamakinsa, tunda kalsiyam ne ya kawo farin. Amma ruwan da ba shi da isasshen kalsiyam daga jikin shafen yake tsotsa, ya bar shi da ƙananan ramuka. Shi ya sa ya kamata a auna ruwan burtsatsen kansa ma.

Kusan kullum za ka tarar pH ya hau, sai a sauke shi da asid ɗin kwamin ninkaya. A kwami irin naka kada a wuce rabin lita a zubi ɗaya. A cika bokitin roba da ruwa tukuna, a zuba asid ɗin a ciki, ba a zuba ruwa a kan asid ba. A bi gefen wuri mai zurfi ana tsiyayawa a hankali injin na aiki, a goge wurin da buroshi, a jira awa huɗu a sake awo. Mai yin aikin ya sa safar hannu da tabarau, kuma ko da wasa kada asid da kulorin su haɗu a bokiti ɗaya ko a ajiye su manne da juna, iskar da suke fitarwa tana kisa.

Wani zai ce maka a jefa alif, yadda ake yi wa ruwan randa. Yana kwantar da gari, gaskiya ne, amma sai an zuƙe abin da ya kwanta an fitar waje, kuma injin zuƙa mai taya yana barin sawu a shafen da bai cika kwana 28 ba. Ni dai ba na fara wa da shi. Idan mako ya cika da sauran hazo, maganin da ke dunƙule gari don matatar ruwa ta kama ya fi sauƙi, daidai yadda aka rubuta a jikin robarsa. Gishiri ma, idan injinka mai amfani da shi ne, sai bayan kwana 28.

Idan ka bi wannan, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu garin yake ƙarewa. Kafin nan kada baƙo ko yaro ya shiga, sai ranar da ka tsaya a bakin kwamin ka hango murfin magudanar ƙasa sarai, awo kuma ya daidaita. In kuwa ka ga launin ya juya zuwa ruwan ƙasa ko kore-kore jim kaɗan bayan an sa kulorin, wannan ƙarfe ne daga burtsatsen, maganinsa daban ne. Ka rubuto mini da sakamakon awon ruwan.