Gado, Aboki da Raina Kai: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato wani gajeren labarin barkwanci da mutane suke ta karantawa suna tura wa juna. Ga wanda bai karanta ba, ga shi a taƙaice. Wani attajiri mai shagunan shadda da atamfa a Kantin Kwari ya rasu. Tun suna makarantar allo yake abota da wani mai wankin hula, mutumin da bai taɓa ɗaukar kansa a bakin komai ba. Bayan sadakar bakwai sai babban ɗan mamacin ya tura masa saƙo a waya cewa Baba ya bar masa gado, ya zo gobe. Washegari da sassafe sai ga shi a ƙofar gida da mai kura, har ya sa an share ɗakinsa an naɗe tabarma, wai ya zo ɗaukar gadon kwanciya. Ashe shago guda aka bar masa cike da kaya. Sauran labarin duk a kan yadda ya kasa zama mai shago ne. Kujerar abokinsa tana nan, shi kuwa sai ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Yaran shago yana ce musu "ranka ya daɗe", masu sayayya suna aikensa sayo ruwa yana tashi da sauri, 'ya'yan mamacin kuma suna yi masa dariya. Sai a shafukan ƙarshe ya iya hawa kujerar.

Wani malamin firamare daga Funtuwa ya ce ya yi dariya har da hawaye, amma yana tambaya: anya Bahaushe zai rikita gado da gado?

Malam, a kunne ba zai rikita ba, ko yaro ne. Gadon kwanciya wasalinsa na farko gajere ne, kuma murya a sama take a gaɓoɓin biyu. Gadon dukiya kuwa ana jan wasalin farko, sannan murya ta sauko a gaɓa ta biyu. Da baki aka gaya wa mai wankin hular nan da bai wahalar da mai kura ba. Rubutun boko na yau da kullum ne ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, shi ya sa kalmomin biyu suke zama ɗaya a takarda. Haka "ya gaji" take: ko mutum ya jigata, ko ya ci gado, sai sauran jimla ta raba gardama. Masu ajami sun fi mu sauƙi a nan, don suna sa alif su nuna an ja wasali. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun yi wa kalmomi alamar tsawo da ta karin sauti, amma rubutun jarida da na littattafai bai ɗauki wannan ba. Saboda haka ina jinjina wa marubucin da ya sa saƙon ya zo a rubuce. Ya san inda harshensa yake da rami, kuma a nan ya ajiye abin dariyar.

Wani ɗalibin ilimi daga Zariya bai yi dariya ba. Ya ce labarin yana koyar da kuskure, domin aboki ba ya gado, kuma bai ji daɗin yadda ake ta maimaita "ya ci gadon abokinsa" ba.

Ɗan'uwa, a fuskar hukunci gaskiyarka ce. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka wa magada rabonsu, kuma aboki ba ya cikinsu komai kusancinsa. A farkon zaman Madina 'yan'uwantakar da aka ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru har gado ake ci da ita, daga baya aka mayar da gado ga dangi na jini, kamar yadda ayar ƙarshe ta Suratul Anfali ta nuna. Abin da mai wankin hula ya samu sunansa wasiyya. Sharaɗinta kada ta wuce sulusin dukiya, kada kuma a yi ta ga wanda dama magaji ne, sai in sauran magada sun yarda. Ana fitar da ita bayan an biya bashi, kafin a raba. Attajirin da yake da shaguna da yawa ya ba da ɗaya, to bai fita daga iyaka ba, kuma matarsa tana nan da tumuninta tunda akwai 'ya'ya.

Amma ka lura da bakin da kalmar take fitowa. A cikin labarin 'ya'yan mamacin ne suke cewa "ya ci gado", kuma da gangan suke faɗa. Kalmar "ci" a Hausa tana da fuska biyu. Ana cin sarauta, ana cin jarrabawa, ana cin kasuwa, duk babu aibi. Ana kuma cin amana, ana cin mutunci, ana cin zarafi. In ɗa ya ci gadon ubansa, haƙƙinsa ya karɓa. In aka ce bare ya ci gado, kunne yana jin ƙamshin cin amana a ciki, ko ba a furta ba. Da sun ce "an yi masa wasiyya" da sun amsa cewa ubansu ne ya zaɓe shi da hankalinsa, abin da ba sa son amsawa ke nan. Sa'annan ka tuna Bahaushe ya faɗaɗa gado ya wuce dukiya. Ana gadon sana'a, ana gadon hali, ana gadon sarauta, har muka sami Magajin Gari da Magajin Rafi a fadar Sakkwato. Wanda ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa ba gona da gida yake nufi ba.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ta zo ne daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ta ce ita tausayi labarin ya ba ta, don ta ga kanta a cikinsa. Ta ce an tarbiyyantar da mu a kan ƙasƙantar da kai, an ce girman kai rawanin tsiya, an ce yabon kai jahilci. To me ya sa ake yi wa mutumin da ya zauna a ƙasa dariya? Ba tawali'u ya yi ba?

'Yar'uwa, ba tawali'u ya yi ba, kuma Hausa ba ta taɓa haɗa abubuwan nan biyu a ƙwarya ɗaya ba. Tawali'u aro ne daga Larabci. Harafin da Larabawa suke kira dādi, mu kuma muke kira lādi, shi ne yake komawa "l" a bakinmu, kamar yadda ya yi a alƙali da alwala da farilla da layya. Mai tawali'u ya san yana da matsayi, sai ya sauko don kansa. Malamin da ya tashi ya tarbi ɗalibinsa a bakin zaure tawali'u ya yi, domin kowa ya san shi ne malami, shi ma ya sani. Mai wankin hular nan bai sauko daga ko'ina ba. A ransa dama can ƙasa ce wurinsa. Wannan shi muke kira raina kai, in ya yi tsanani har mutum ya daina jin zafin wulaƙanci sai mu ce mutuwar zuciya.

Dubi yadda muke amfani da zuciya. "Wane yana da zuciya" na iya nufin saurin fushi, amma sau da yawa yabo ne: ba ya roƙo, ba ya zama a ci da shi, ba ya komawa inda aka wulaƙanta shi. Uwa takan ce wa ɗanta "ka yi zuciya mana", kuma ba faɗa take tura shi ba, so take ya tashi ya nemi na kansa. Akwai wadatar zuci, mutum ya gamsu da abin hannunsa ba tare da ya ji shi ƙasƙantacce ne ba. Akwai sanin ciwon kai. Akwai kamun kai. Duk waɗannan suna gefe ɗaya, girman kai da ji da kai da jin kai suna ɗaya gefen. (A kula da ƙugiya a nan: jin kai fankama ce, jin ƙai tausayi ne. Na sha ganin takardun ta'aziyya an rubuta "Allah ya ji kansa", alhali "Allah ya ji ƙansa" ake nufi. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, don addu'a ce ake yi wa mamaci.)

Sai kalmar mutunci, wadda daga mutum aka ciro ta. Anthony Kirk-Greene, wani Bature manazarcin Hausa, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa ta cikin halayen da Hausawa suke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da sauransu. Mukan ɗauka mutunci abu ne da wasu suke ba ka, su mutunta ka ko su ci mutuncinka. Amma ai muna cewa "ka kare mutuncinka", muna cewa "ya zubar da mutuncinsa", muna cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Wanda ake gargaɗi kada ya zubar, to a hannunsa abin yake. Mai shagon da baƙo zai aika sayo ruwa ya tashi da rawar jiki, shi ya fara karkata ƙwaryar kafin kowa ya taɓa ta.

Akwai wurin da na fi so a labarin. Ranar da wani mai sayayya ya shigo da hula zanna wadda wani ya wanke ya lalata, zaren ya tashi, bakin ya saki. Mutumin nan da ba ya iya haɗa ido da yaron shago sai ya karɓi hular, ya juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa, ya faɗi irin buroshin da ya cinye zaren, ya faɗi cewa sitacin ya yi yawa kuma an kifa ta a gungumen da ya fi ta faɗi. Muryarsa ta canza, kowa ya yi shiru yana saurare. A tsaye ya yi wannan bayani, bai ce wa kowa "ranka ya daɗe" ba. Darajar tana nan tare da shi tun farko, a cikin sana'ar da yake jin kunyarta. 'Yar'uwa, in kin ga kanki a zaman kwali, ina roƙonki ki nemi kanki a wannan wurin ma. Abin da aka hana mu shi ne mu raina wasu. Ban san karin magana ko ɗaya da ya ce mutum ya raina kansa ba, na dai san wanda ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wani matashi daga Kumasi ya ce shi bai yarda abota ce ba. Attajirin yana raye kullum tsokanar mai wankin hula yake yi, yana kiransa Sarkin Sitaci a gaban mutane. Ya tambaya: aboki ne wannan ko amini?

Kalmar aboki tana da faɗi, ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Akwai abokin tafiya, abokin ciniki, abokin aiki, har abokin gaba, kishiya ma abokiyar zama ake ce mata. Duk wanda wani abu ya haɗa ku abokinka ne a wannan abin. Shi ya sa karin magana ya bambanta su: abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa, wannan laifi ne ya haɗa su, abokin kuka kuwa shi ake gaya wa mutuwa. Amini ya fi ƙunci. Tushensa ɗaya da amana da aminci, wato wanda ka saki jiki da shi. Mata kuma suna da ƙawa, in ta kai ta kawo ta zama aminiya.

Tsokana ba ta kore aminci a wurinmu. Muna da abokan wasa: taubasai, jika da kaka, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa. A Nijar an riƙe wannan al'ada da muhimmanci har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa a 2014. Sai dai wasa yana da sharaɗi, ana yi ana ramawa. A labarin nan mai wankin hula bai taɓa ramawa ba, sai dai ya sunkuyar da kai, don haka ina tare da kai rabin hanya. Attajirin ya so abokinsa da gaske, wasiyyar ta nuna haka, amma ya yi shekaru yana wasa shi kaɗai bai lura ba. A ganina marubucin ya wuce wannan wurin da sauri, ya kamata ya ɗan tsaya a kai.

A ƙarshe, mutum biyu sun tambayi ma'anar "ɗan na gada ya fi ɗan na koya", wanda ƙaramin ɗan mamacin ya jefi mai wankin hula da shi. Karin maganar a kan sana'a yake. Wanda ya tashi a maƙera yana ganin zuga da uwar maƙera tun yana rarrafe, ya fi wanda ya zo koyo da gemunsa sanin sirrin aikin. Ba a kan mallakar dukiya yake ba, kuma ba doka ba ce, don Hausawan da suka faɗe shi su suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Yaron da ya yi gorin bai san farashin yadi ɗaya a shagon ubansa ba, saboda haka karin maganar bai hau kansa ba. Wanda ya tambayi "tumunin takaba" kuma, kashi ɗaya cikin takwas ne da matar mamaci take samu in ya bar ɗa ko 'ya, in bai bari ba rubu'i ne, in matan sun fi ɗaya su raba wannan kason a tsakaninsu.